Na Je Accra Don Kada In Karanta Wayar Kawu

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Tudun Wadar Gusau ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce in ba shi labarin Ghana, kuma kowa da irin labarin da yake son ji. Wani teku yake tambaya, wani atamfa, wani kuma so yake in amsa masa cewa na dawo da daloli cushe a cikin safa. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk lokacin da na sake ba da labarin sai ya ƙara tsawo da kansa, har na fara jin abubuwan da ban san sun faru da ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, tun gaskiyar ba ta gudu ta bar ni ba.

Sai dai ba za ku gane tafiyar ba sai kun san Kawu Haruna, yayan mahaifiyata, wanda duk Bunguɗu ke kira Magatakarda. Ya yi rayuwarsa ta aiki a ɗakin ajiye fayil na gwamnati, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba. A gidansa buhun gero ma da takarda a wuyansa, an rubuta gonar da ya fito da shekarar da aka girbe shi. Makullin bayan gida yana da lamba.

Shekarun nan da mutane da yawa suka bar gonakinsu na nesa saboda halin da ake ciki, akwai gidajen mutunci a Nahuce da Karakkai da cikin Bunguɗu da abinci ya yi wa wuya, irin gidajen da a da su ke ciyar da wasu, kuma sun gwammace su kwana da yunwa da a ji. Akwai kuma 'ya'yan garin da ke aiki a ƙasashen waje, masu son taimakawa ba tare da an san su ba. Kawu ne gadar da ke tsakani. Suna turo masa zakka da sadaka ta kirifto, wato kuɗin intanet, ya canza, ya kai da kansa. Mai bayarwa bai yarda a san shi ba, mai karɓa bai yarda a san shi ba, duka biyun suna cikin wayar Kawu.

Ni na saka masa manhajar walat tun farko, wato asusun da kuɗin ke shiga a waya, wata mai shuɗin tambari. A cikin walat ba a ganin sunan kowa, sai dogayen lambobi da haruffa kamar kaji sun yi tonon allo. Amma manhajar tana ba mutum wuri ya rubuta laƙabi a jikin kowane kuɗi da ya shigo ko ya fita, don ya tuna na wane ne. Kawu da ya ga wannan wurin sai ya ji kamar an mayar da shi ofis. Shekara huɗu yana rubutu a ciki.

Sai ido ya fara ja masa baya. Rubutun shuɗiyar manhajar ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi, kuma ba ya ƙaruwa ko me ka danna. Na samo masa wata mai ruwan ɗorawa wadda ke yin rubutu ɓaro-ɓaro. Na gwada da nawa walat ɗin tukuna. Kalmomin sirri goma sha biyu da ke zaman makullin walat suka kwaso kuɗin tsaf zuwa sabuwar, amma laƙabobina ko ɗaya bai biyo ba. Kuɗi sun yi ƙaura, sunayensu sun zauna a tsohon gida.

Na ce wa Kawu abin mai sauƙi ne, ya ba ni wayar yini ɗaya in kwafe su da hannu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe yana dubana.

"Hannunka na yarda da shi, Injiniya," in ji shi. "Bakinka na ban yarda da shi ba."

Ban ji haushi ba, don ku da kanku kun san ba ƙarya ya yi ba. Ni ne mutumin da ya san za a ɗaura auren abokinmu Sale kafin Sale ya sani. Ban taɓa riƙe labari ya kwana biyu a cikina ba, ciwo yake sa ni. Sannan Kawu ya faɗi maganar da ta tayar da ni tsaye. Ya ce azumi na tafe, lokacin da saƙo ya fi shigowa, in har idonsa ya kasa karanta rubutun nan kafin a ga wata, zai mayar wa kowa kuɗinsa ya rufe fayil. Ya ce gara gidajen su ji jiki da a ce wani ya karanta sunayensu. Na san Kawu, in ya ce zai rufe fayil to ya rufu.

Da ma ina ɗan taya masu irin waɗannan manhajoji fassara zuwa Hausa a intanet, ba don komai ba sai don in riƙa cewa a majalisa ina aiki da Turawa. A nan na ji cewa masu yin walat suna ta ƙoƙarin amincewa da tsari ɗaya na fitar da laƙabobi daga wannan manhaja a shigar da su waccan. Na rubuta wa mai shuɗiyar manhajar saƙo har sau biyar, ko uffan. Sai wata 'yar Ghana da ke cikin masu aikin, Madam Akosuwa, ta ce min za su yi ɗan zama na kwana uku a Accra kan wannan maganar, kuma mutumin zai zo. Masauki da abinci nasu, hanya tawa.

Da na je sallama Bunguɗu na tarar Kawu ya shirya min kaya biyu. Na farko ƙullin hoce, gasasshiyar wainar dawar nan tamu, da ƙuli-ƙuli. Na biyu koren fayil mai igiya, an rubuta GAGGAWA a goshinsa, a ciki wasiƙa zuwa ga mai manhajar, da Turancin gwamnati irin na da, kwafi uku, da hatimi. Ɗaya na mutumin, ɗaya zai sa hannu in dawo da shi shaidar ya karɓa, ɗaya kuma na fayil. Na ce Kawu yanzu ba a yin haka. Ya ce shi ya sa ba a ba ni amsa ba har sau biyar.

Wayarsa kuwa ko zancen in tafi da ita bai taso ba. Tawa babbar ma a gida na bar ta, na ɗauki 'yar ƙarama mai tocila, kwamfutata na naɗe ta a cikin sallaya a ƙasan jaka.

Mun tashi daga tashar Gusau da hantsi, lokacin da direbobi ke cewa hanya ta waye. Wanda bai bi hanyar Tsafe a shekarun nan ba bai san wata sabuwar al'ada da muka ƙirƙiro ba. Daga an wuce Kwatarkwashi sai mota ta yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Baƙo zai zaci addu'a ake yi. Addu'ar ma ana yi, amma babban aikin shi ne goge saƙonnin banki da hotunan gida mai bene, don kada a tsayar da mota a ga abin da zai sa a yi wa mutum tsada. Wani mai babbar riga a gaba ya goge har ya gaji, ya cire hularsa mai aiki ya cusa a aljihu.

Ni ba ni da abin gogewa, sai na zauna ina jujjuya 'yar wayata. Wata Hajiya 'yar Tsafe da ke gefena, mai buhun barkono a kan cinya, ta leƙo ta ga wayar.

"Kai ɗan nan, wagga waya taka ko ɓarayi sunka gan ta sai sun ba ka sadaka."

Motar ta kwashe da dariya, irin dariyar da ake yi da rabin baki ana duban daji. Ta tambaye ni ina za ni, na ce Ghana, taron kwamfuta. Ta sake duban wayar, ta ce Allah ya kai ni lafiya, su ma mutanen Ghana Allah ya ba su haƙuri. Ta sauka a Tsafe bayan mun wuce 'Yandoto, ta bar ni da atishawar barkononta har Funtua. A wannan hanyar na fara tunanin abin da ban yi tunani ba a Gusau. Ko da an fitar da laƙabobin Kawu cikin fayil, in fayil ɗin a buɗe yake kowa na iya karantawa, to ba rufin asirin mutane kaɗai zai tafi ba. Takarda ce mai nuna wane gida ke da ɗa a waje.

Daga Funtua zuwa Legas ba abin da zan faɗa muku sai ciwon baya. A Legas na shiga motar da ke bin bakin teku har Accra, iyaka uku a gaba.

A iyakar farko koren fayil ɗin Kawu ya nuna ƙarfinsa. Jami'in da ke duba jakata ya ciro shi, ya ga igiya, ya ga hatimi, ya ga GAGGAWA, sai ya gyara tsayuwa. Ya kira wani, suka yi magana da Faransanci, aka raba ni da layi, aka kai ni wani ɗaki mai fanka aka ba ni kujera. Na zaci kama ni aka yi. Ashe ɗauka suka yi ni ɗan aiken gwamnati ne, ana neman babbansu ya zo ya gaishe ni. Babban bai zo da wuri ba. Ina zaune ana girmama ni, ta taga ina hango direbanmu yana ƙirga fasinja yana zage-zage. Da ƙyar na samu wani Bahaushe mai canji ya yi min tafinta, ya gaya musu ni ba kowa ba ne. Ban taɓa jin daɗin a ce ni ba kowa ba ne irin na ranar ba. Na iske motar ta fara gangarawa, na shiga da ƙafa ɗaya a waje.

Togo kuwa ba zan ce na gan ta ba. Na gutsiri hoce a bakin shigarta, ban gama taunawa ba aka ce mu fito da fasfo, mun zo Ghana. Ko ƙasar ce siririya, ko hocen Kawu ne ya kwana biyu, Allah ne masani.

Madam Akosuwa ta tarbe ni a tasha, gajeriyar mace mai saurin tafiya da saurin magana, ta kai ni masaukin da aka kama mana, wani gida mai ɗakuna da yawa kusa da teku. Ɗakin ba laifi, sai dai babu buta. Na nemi buta da Turanci, na nema da hannu, aka kawo min tukunyar dafa shayi mai igiyar lantarki. Da ita na yi kwana uku, kuma ina roƙon wanda ya sha shayi a ɗakin bayan na tafi ya yafe min.

Mutanen taron ba su fi cikin aji ɗaya ba, daga ƙasashe daban-daban. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne gaisuwa. Mutum zai fito da safe ya wuce ka a kan matakala, ya ɗaga maka gira, shi ke nan an gaisa. Na tsayar da wani na tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi, ya tsaya yana ba ni amsa ta gaskiya, har da bayanin ciwon bayan matarsa. Na biyu kuma sunaye. Kowa ya rataya kati a wuya, amma rabinsu ba sunansu ne a jiki ba. Wani ya rubuta Kifi, wani lamba kawai ya sa. Ba a yarda a ɗauki hoto ba. Mutum ya hau jirgi ya ƙetare teku ya zo ya zauna da kai kwana uku, ku ci abinci a tebur ɗaya, ku rabu ba ka san sunan ubansa ba. Ga mutum irina wannan azaba ce.

Mai shuɗiyar manhajar na gane shi ba tare da an nuna min ba, don shi kaɗai ne ba ya amsa wa kowa. Wani Bature ne dogo, siriri, ba ya sa takalmi, ba ya cin komai sai ɗanyen ganye. Na sa masa suna Dogo a raina. Ranar farko aka kawo dokunu, wato ƙullun masara mai tsami da ake dafawa a cikin ɓawonta, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji da ya sa na ga taurari da rana. Ina ci ina hawaye, Dogo na gefena yana tauna latas kamar zomo, kowannenmu yana tausayin ɗan'uwansa.

Tsarin da suka taru a kai ba wani abin tsoro ba ne, in aka cire Turancin. Kowane laƙabi zai zama layi ɗaya a cikin fayil. Layin zai faɗi abu uku: wane irin abu ne aka yi wa laƙabin, ko adireshi ko kuɗin da ya shiga ko wanda ya fita, sai lambarsa, sai kalmomin da mai shi ya rubuta. Duk manhajar da ta rubuta haka, kowace manhaja za ta iya karantawa. Ina saurare na ce a raina, ai wannan bangon fayil ɗin Kawu ne, sashe da lamba da batu. An tara masana daga ƙasa goma sun gano abin da Magatakarda ke yi wa buhun gero.

Rana ta biyu Juma'a ce, kuma a nan na yi kuskuren da sai daga baya na ga sakamakonsa. Na tafi masallaci a Nima, unguwar Hausawa, da niyyar in dawo da an sallame. Sai na ji Hausa ta ko'ina, na ga ƙosai, na ga shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa har ta yi ja. Na buɗe baki na ce munka taho daga Zamfara, wani tsoho mai sayar da tasbaha ya kama hannuna ya ce rabonsa da jin "munka" tun kakansa na da rai. Ya tara min mutane, aka sa ni ina magana ana dariya, ni kuma an taɓa min inda ke min ƙaiƙayi. Kafin la'asar na san wanda ya saki matarsa a layin da wanda ke shirin mayar da ita. Na dawo taro na tarar an gama zaman yamma. Na tambayi Madam Akosuwa me aka yi, ta ce ba wani abu ba ne, an dai tsayar da iyakar tsawon da laƙabi zai kai. Na ce to madalla, na wuce neman ruwa.

Rana ta uku Dogo ya nuna abin da ya yi. Ya ce ya kusa gama sa wa manhajarsa hanyar fitarwa. Ya danna, sai ga laƙabobi duka sun jeru a allo don mai waya ya duba kafin ya fitar. Mai ɗaya manhajar, mai ruwan ɗorawa, wani ɗan Indiya mai fara'a, ya nuna tasa, ita ma in za ta shigar sai ta baje su duka a allo. Fayil ɗin da ke tsakani kuma a buɗe, ko yaro ya samu zai karanta. Aka yi tafi. Ni kuwa ban yi tafi ba, don na ga na sha hanyar nan duka ne don in je Bunguɗu in karanta sunayen nan da manyan baƙaƙe.

Na ɗaga hannu. Laƙabobin da suke ta misali da su a allo irin su kofi ne, da kuɗin haya, da kyautar ranar haihuwa. Na ce musu ina da kawu wanda laƙabobinsa mutane ne. Na ba su labarin gidajen, da na masu aikowa, da idon da ke tafiya, da abin da ake yi a mota in an wuce Kwatarkwashi. Na ce ina roƙon abu biyu, a iya kulle fayil ɗin da kalmar sirri, kuma a sa wata hanya da laƙabobi za su ƙaura ba tare da sun fito a allo ba.

Dogo ya yi magana a karon farko da ni. Ya ce kullewa ya gane, amma ɓoyewa daga allo fa? Ai mai waya shi ke kallon allonsa. Na ce a wurinku ke nan. A wurinmu mai waya daban, mai danna ta daban. Ya ce to in kwafe da hannu mana, guda nawa ne? Na ce ban sani ba. Ya ce ban taɓa gani ba? Na ce aikin da aka aiko ni ke nan, kada in gani.

Na ga ana kallon juna. Sai Madam Akosuwa ta ce ita ma uwarta a ƙauye ba ta taɓa danna wayarta da kanta ba, mai shagon caji take miƙa wa. Ɗan Indiyan ya ce kakarsa haka. Wani ɗan Kenya ya ce duk layinsu haka. Ashe rabin ɗakin sun san zancen, ba wanda ya taɓa kawo shi taro ne kawai, don kowa na jin abin gida ne, ba na kwamfuta ba. Na juya ga Dogo na ce masa ku nan kun ɓoye sunayenku, kuma na ga kuna girmama wanda ya ɓoye nasa. Kawuna nasa sunan kowa ya sani. Na wasu yake ɓoyewa.

Daga nan na kwance igiyar koren fayil na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta a tsaye, ƙafa ba takalmi, ya kai ƙarshe inda Kawu ya rubuta cewa shi ne bawansa mai biyayya. Ya ce shi tunda yake ko karensa bai taɓa yi masa biyayya ba. Na nuna masa inda zai sa hannu a kwafi na biyu. Ya tambaya ko zai iya sa sunan da ke katinsa. Na ce Magatakarda ba ya karɓar sunan wasa. Ya sunkuya ya rubuta sunansa na gaskiya, ya ninke takardar da kansa ya ba ni. Kuma ga shi yau wata nawa ban faɗa wa kowa ba, ku rubuta wannan a tarihi.

Ba a sa buƙatata cikin tsarin a ranar ba, irin wannan sai an yi ta muhawara a rubuce. Amma su biyun da nake buƙata, Dogo da ɗan Indiya, suka yi alkawarin sa wa manhajojinsu kullewa da kuma abin da Madam Akosuwa ta raɗa wa suna hanyar mataimaki.

Dawowa ba ta da labari, sai dai na ɓoye fayil ɗin a ƙasan jaka a kowace iyaka. Jira ne ya fi hanya wuya. Duk Juma'a in na je Bunguɗu sai Kawu ya tambaye ni maganar tana teburin wa. Ina ganin yadda yake kai wayar har bakin hancinsa, ya karkata ta wajen hasken ƙofa, ya ajiye, ya murza ido. Ya daina yi min ba'a, wannan ya fi komai tayar min da hankali. Rajab ya wuce. Sha'aban ya raba tsakiya, sannan sabuntawar ta sauka a manhajojin biyu, kwana ɗaya tsakaninsu.

Na isa Bunguɗu bayan azahar. Muka zauna a zaure, tabarma ɗaya, shi a wancan gefe ni a wannan. Na buɗe shuɗiyar, na zaɓi hanyar mataimaki tun kafin in shiga ko'ina, allon ya rufe komai sai maɓallai. Da aka zo kalmar sirri na miƙa masa na juya fuska, ya daɗe yana lalube da yatsa ɗaya. Fayil ya fita a kulle. Na buɗe mai ruwan ɗorawa, ya sake sa kalmar, ya dawo min da wayar. Wani ɗan layi ya cika daga hagu zuwa dama, sai rubutu ya fito cewa an shigar da laƙabobi.

A ƙasansa akwai wani rubutun. Laƙabi ɗaya ya wuce tsawon da aka amince, an yanke ƙarshensa. Ga maɓalli nan, an rubuta Duba.

Nan na tuna Nima da shinkafa da wake. Da ina zaune a taron a ranar, da na gaya musu akwai mutumin da ba ya rubuta laƙabi sai da gabatarwa da kammalawa.

Kawu na can gefen tabarma yana jan tasbaha, fuskarsa wajen ƙofa. Daga inda yake ba ya ganin hannuna, balle allon. Ba zan yi muku ƙarya ba, yatsana ya tsaya a kan maɓallin nan. Wanda Kawu ya yi wa rubutu mafi tsawo a shekara huɗu, ai ba ƙaramin labari ba ne. Dannawa ɗaya, kallo ɗaya, ba wanda zai sani har abada. Ban taɓa son sanin wani abu kamar yadda na so sanin wannan ba, kuma na ji kunyar kaina tun ban aikata ba. Na san kuma in na gani ba zai tsaya a cikina ba. Ba a majalisa zan faɗa ba, a'a, zan dai gaya wa mutum ɗaya ne wanda na yarda da shi, kamar yadda nake yi kullum.

Na kife wayar a kan tabarma, na tura masa. Na gaya masa abin da ya faru, har da laifina. Na kama yatsansa na ɗora a daidai wurin ina kallon rufin zaure, sannan na juya na fuskanci bango na naɗe ƙafa.

Na ji ya danna. Na ji ya gyara zama.

"Ina gani," in ji shi a hankali. "Injiniya, ina ganinai sarai."

Sai ya ce Allah sarki, ba da ni yake ba. Daga nan na fara jin ɗan ƙaran maɓalli, ɗaya, sai a jima, sai wani, yana gajarta abin da ya rubuta don ya shiga. Ya gama wannan bai ce in juyo ba. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya karanta a zuci sai in ji ya yi masa addu'a ƙasa-ƙasa. Ina zaune ina kallon bangon da ban taɓa lura yana da tsaga ba, ƙafata ta yi sanyi ta mutu, hawaye na zubo min ban san dalili ba, har aka kira la'asar.

Muka fita masallacin unguwa tare, ya sa wayar a aljihun gaba ya dafe ta da hannu. Bayan an sallame dattawa suka tsaya a ƙofa ana gaisawa, masu tsofaffin riguna wankakku da guga, wasu na san gonakinsu na can inda ba a zuwa yanzu, wasu na san 'ya'yansu na waje. Kowane na duba sai in ji zai iya zama shi, kuma zai iya zama ba shi ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na durƙusa, na ba kowa hannu biyu, na gaishe su duka gaisuwa iri ɗaya.